JS ko PHP: wanne yaron Nima zai fara koya?

A tallan neman ma'aikata a Akara, haruffa biyu da uku ne ke yawan rikita samarin unguwannin Nima da Mamobi: JS da PHP. Dukansu harsunan kwamfuta ne da ake gina shafukan intanet da su.

JS taƙaitawar JavaScript ce, wadda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. Ba ta da dangantaka da Java, sunan kawai suka yi tarayya, kada wani ya ruɗe ka. Tana aiki ne cikin burauzar mai kallo, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome: ka danna maɓalli, hoton atamfa ya buɗe, farashin sidi ya sauya nan take ba tare da shafin ya sake lodi ba. Tun da Node.js, manhajar da ke gudanar da JS a wajen burauza, ya fito a 2009, har kan saba (server, kwamfutar da ke ajiye shafi tana aiko da shi) take aiki. Ba sai ka girka komai ba kafin ka fara. Tsohuwar kwamfuta da Chrome sun isa.

PHP kuwa Rasmus Lerdorf ya fitar da ita a shekarar nan ta 1995. Da farko tana nufin Personal Home Page, daga baya aka mayar da ita PHP: Hypertext Preprocessor. A kan saba take zama, mai kallo ba ya ganinta. Da ita aka gina WordPress, manhajar da ake haɗa shafi da ita ba sai an rubuta komai daga tushe ba.

Ni dai JS zan ce a fara da ita. Amma idan Hajiya mai shago a kasuwar Makola ta ce a yi mata shafin saye da sayarwa kafin Sallah, PHP ce, ta hanyar WordPress, za ta fi saurin kawo kuɗin cefane.