Garwa zuwa Marwa: jirgi za ka hau ko mota?

A sama, tsakanin filin jirgin Garwa da na Marwa-Salak, a arewacin Kamaru, kusan kilomita 160 ne kawai. Jirgi mai farfela irin Dash 8 Q400 da Camair-Co, kamfanin jiragen saman Kamaru, ke aiki da shi yana cinye wannan tazara a cikin rabin awa ko kusa da haka. Wannan rabin awar ce ke jan hankalin mutane, amma wanda zai fid da kuɗinsa gara ya lissafa tafiyar daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar masaukinsa.

Sai ka isa fili awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin tashi, a auna kaya, a duba tikiti da katin shaida, ka zauna jira. In kun sauka kuma ba Marwa ka sauka ba, Salak ce, da saura wajen kilomita 20 zuwa cikin gari, ga jiran jaka, ga cinikin tasi. Haɗa duka, awa uku ta tafi ko ta kusa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo kan rufe sararin arewa, jirgi ya makara ko a ɗage tashinsa.

Ta ƙasa kilomita 210 ne ko kusa, a kan babbar hanya mai lamba 1. Za ka bi ta Pitowa, ka wuce Figil inda masana'antar siminti take, sannan Muturwa. Hanyar ma ta Salak ɗin take bi kafin ta shiga Marwa. Motocin ajans, wato kamfanonin sufuri, irin su Touristique Express da Danay Express kan yi ta a awa uku zuwa huɗu, gwargwadon lafiyar titi da tsaye-tsayen shingen jami'an tsaro. Da damina ramuka kan ƙara lokaci. Kuɗin mota bai kama ƙafar na jirgi ba, kuma ɗan kasuwa mai buhun albasa ko dilar atamfa zai ga yaran mota sun ɗora masa a sama sun ja tampol sun ɗaure, an yi ciniki baki da baki. A jirgi kowane kilo da ya haura ƙa'ida sai ka biya shi. Ni dai a wannan gajeriyar hanya mota nake ba mutum shawara, ya ɗauki ta sassafe, kuma ya guji tafiyar dare.

Jirgin yana da ranarsa. Dattijon da bayansa ba ya jure girgizar mota, ko mara lafiya, kujerar rabin awa rahama ce gare shi. Haka wanda Yawunde ya nufa. Daga Marwa zuwa filin Nsimalen na Yawunde wajen kilomita 800 ne a sama, kuma ko jirgin ya ya da zango a Garwa, a ranar za ka isa. Ta ƙasa kuwa sai ka kai Garwa, ka ƙara kusan kilomita 280 zuwa Ngaundere tare da hawan dutsen da ke gaban Mbe, sannan ka kwana cikin jirgin ƙasan Camrail. A nan tsadar tikiti ta biya kanta.

Kafin ka biya, tambayi ranakun tashi, domin jadawali kan canza, ka kuma ji sharaɗin mayar da kuɗi in an soke tafiya. In ɗaurin aure ko jarrabawa za ka, sayi na kwana ɗaya kafin ranar.