Ƙamus, Manhaja Ko Littafin Likitanci: Wanne Za Ka Saya Don Gane Turancin Tsufa da Lafiya?

Wata rana mahaifiyata ta miƙo mini wata farar kwalba da ƙanena ya aiko mata daga Amurka, ta ce in duba mata ko shi ne maganin ciwon gwiwar da ya yi mata alkawari. Na juya kwalbar gaba da baya, na ga an rubuta "dietary supplement", a ƙarƙashinsa kuma "supports healthy aging", sai na gane cewa Turancin da na ci jarrabawa da shi bai kai ya ba ta amsar da take jira ba. Duk wanda yake ɗawainiya da tsoho a gida zai gamu da irin wannan rana, domin takardar da ke cikin kwalin magani da sakamakon gwajin jini duk da Turanci suke zuwa. Ga abin da na fahimta game da kayan koyon da ake sayarwa.

Inda hankalin Bahaushe yake fara zuwa shi ne ƙamus na Turanci zuwa Hausa, irin na Neil Skinner da ya fito tun shekarun 1960, ko na Roxana Ma Newman da Jami'ar Yale ta buga a 1990. Amfaninsa shi ne yana sanya kalma a bakinka yadda za ka faɗa wa tsohuwa ta gane, ka ce mata hawan jini, ko yanar ido, ko shanyewar ɓarin jiki. Sai dai Hausar yau da kullum takan haɗa cututtuka da dama a ƙarƙashin suna ɗaya. Abin da muke kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi, likita yana raba shi: "osteoarthritis" zaizayewar guringuntsin gaɓa ne, "rheumatoid arthritis" garkuwar jiki ce take kai wa gaɓoɓi hari, shi kuwa "osteoporosis" raunin ƙashi ne da ke sa shi saurin karyewa, kuma kowanne maganinsa daban. Kada kuma ka sa ran samun sunayen sinadaran da ake talla yanzu, irin su "resveratrol", a littafin da aka tsara shekaru da dama da suka wuce.

Wanda nake ganin ya fi cancantar kuɗinka shi ne ƙamus na Turanci zalla da aka yi domin masu koyo, wato irin na Oxford da A. S. Hornby ya assasa, wanda ya fara fitowa a 1948, ko kuma na Longman, wanda yake bayyana kowace kalma da sauƙaƙan kalmomi kimanin 2,000. Irin wannan ƙamus yana nuna maka yadda kalma take zama a cikin jimla, kuma a nan ne ake gyara kurakuran da muka daɗe muna ɗauke da su. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka "chronic" na nufin ciwo mai tsanani, alhali ma'anarsa ciwon da ya daɗe ko yake tafiya da mutum tsawon lokaci, kamar ciwon suga, kishiyarsa kuwa "acute", wato wanda ya taso farat ɗaya. Yana kuma sanar da kai cewa "ageing" rubutun Ingila ne, "aging" na Amurka, haka "anaemia" da "anemia", don kada ka zaci abubuwa biyu ne. Idan za ka saya, buɗe tsakiyar littafin ka duba, saboda kwafin bogi ya yi yawa a kasuwa, kuma alamarsa ita ce tawada mai dishi-dishi da shafukan da aka tsallake. Idan dattijo ne zai yi amfani da shi da kansa, a guji ƙaramin bugu na aljihu, domin baƙaƙensa suna wahalar da ido.

Ƙamus na likitanci, kamar na Baillière da ɗaliban aikin jinya suka sani, ya fi dacewa da wanda jinya ta zame masa aikin kullum. Babbar fa'idarsa ita ce koyar da gutsattsarin kalmomi: "hyper" yawa ne, "hypo" ƙaranci, "itis" a ƙarshen kalma kuma kumburi. Harafi biyu ne kawai suka raba "hypertension" da "hypotension", amma ɗaya hawan jini ne, ɗaya saukarsa. Wanda yake da intanet zai iya jinkirta wannan sayayya, tun da shafin MedlinePlus na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka yana bayani kyauta da Turanci mai sauƙi.

Manhajar fassara ta waya ba ta cin kuɗi sai na data, kuma Google Translate ya sanya Hausa tun 2013. Tana da kyau wajen sanin inda rubutu ya dosa, amma ban yarda a dogara da ita a kan adadin magani ba. Tsakanin "mg" (miligiram) da "mcg" (maikirogiram) akwai ninki 1,000, sannan bitamin D ana rubuta shi wani lokaci da wani ma'auni da ake kira "IU", inda IU 1,000 yake daidai da mcg 25, kuma iyakar da aka saba gindaya wa babba ita ce IU 4,000 a rana. Wannan lissafi ne da mutum zai koya da kansa, ya kuma tabbatar a wurin ƙwararren mai harhaɗa magani.

Akwai wani Turancin da babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai warware maka shi kai tsaye, wato Turancin talla. Kalmomin "supports" (yana tallafawa), "promotes" (yana haɓakawa) da "may help" (zai iya taimakawa) an zaɓe su ne da gangan, domin ba su ce abin yana warkarwa ba. A Amurka, dokar 1994 ta bar masu yin ƙwayoyin ƙarin abinci, wato "dietary supplement", su sayar ba tare da sun fara tabbatar wa hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, cewa suna aiki ba, sai dai idan sun yi irin wannan iƙirari dole su rubuta cewa hukumar ba ta tantance shi ba, kuma ba a yi kayan don gano cuta, magance ta, warkar da ita ko hana ta ba. A Najeriya ma za ka ga makamancin wannan gargaɗi da sunan NAFDAC a jikin magungunan gargajiya da aka yi wa rajistar wucin gadi. Ko kalmar "antioxidant" (sinadari mai kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa) da ake yi wa kirari ba ta nufin babu haɗari: binciken da aka yi a Finlan kan maza masu shan taba sama da 29,000, wanda aka wallafa a 1994, ya nuna cewa ƙwayar "beta-carotene", wadda ita ma "antioxidant" ce, ta ƙara musu yawan kamuwa da sankarar huhu.

Ni dai na sayi ƙamus na masu koyo sabo, na samo na Turanci zuwa Hausa na hannu, na haɗa da littafin rubutu mai shafi 40 inda nake kwafe kowace kalma tare da jimlar da na tsince ta a ciki. Kalmar da na fara rubutawa ita ce "interaction", wato yadda wani magani yake shafar aikin wani. Da ita na ɗauki farar kwalbar nan da katin maganin hawan jinin mahaifiyata na je wurin mai harhaɗa magani, kafin ta haɗiyi ko ƙwaya ɗaya.