Ƙaramin injin walda na inbata: ya isa aikin gida, amma a karanta allon bayansa

Ga mai son gyara ƙofa, haɗa teburin aiki ko ƙera kanta da garkuwar taga, ƙaramin inbata mai cin sandar walda ya fi dacewa. Nauyinsa bai cika wuce kilo 3 zuwa 6 ba, ba ya buƙatar tukunyar gas, kuma wutarsa ta fi ta tsohuwar taransifoma laushi da sauƙin kamawa. Amfiya (ma'aunin wutar da injin ke bayarwa) 140 zuwa 160 na gaskiya sun wadatar.

Kalmar "na gaskiya" ita ce wurin dubawa. Za ka ga ɗan injin da hannu ɗaya ke ɗauka an rubuta masa 250 ko 300 a gaba, alhali filoginsa na soket ɗin ɗaki ne. Lissafin ba ya fita: amfiya 250 a bakin sanda na buƙatar kusan kilowat 7.5, soket mai amfiya 16 a kan bolt 230 kuwa bai kai kilowat 4 ba. Saboda haka ka juya injin ka karanta allon da ke baya ko ƙasa. Nemi layin da aka yi wa alamar X. Shi ke faɗin minti nawa cikin goma injin zai yi aiki kafin zafi ya kashe shi. Idan an rubuta kashi 60 a amfiya 100, minti shida kenan na aiki, huɗu na hutu. Injin da ba shi da wannan allo, mu ba ma ba da shawarar a saye shi.

A wurin aiki, sanda E6013 mai kauri milimita 2.5 tana tafiya sumul a amfiya 60 zuwa 90, mai 3.2 kuma a 90 zuwa 130. Da waɗannan biyu za a haɗa ƙarfe daga milimita 2 zuwa 6 ba tare da wahala ba. Mafi yawan inbata suna ƙara wuta a daƙiƙar farko don sanda ta kama, suna kuma rage ta idan sandar ta maƙale. Ga mai koyo wannan babban taimako ne.

Inda yake ba da haushi shi ne siririn ƙarfe. Bututu mai kusurwa huɗu da bangonsa bai kai milimita 1.5 ba, kana ɗan jinkirta hannu sai ka ga rami ya buɗe, gefensa ja wur yana zuba. Dabarar ita ce sanda 2.0 a amfiya 40 zuwa 55, a riƙa ɗiga walda ɗigo-ɗigo, a bar kowane ɗigo ya dushe kafin a sa na gaba, kuma kada a bar gibi tsakanin ƙarafan. In dai mafi yawan aikinka irin wannan ne, gara injin MIG, wanda ke tura waya a maimakon sanda, mai waya milimita 0.8 da ke da hoda a cikinta. Shi ma ba ya son gas, sai dai a tabbata bakin walda na kan ramin da ke da alamar ragewa (−), in ba haka ba tartsatsi zai yi yawa.

Kayan da ke zuwa cikin kwali su ne raunin waɗannan injina. Wayoyin gajeru ne, sau da yawa alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe, matsin wayar at (wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake haɗawa) kuma gwangwani ne da ke zafi cikin mintuna. Sa waya mai kaurin murabba'in milimita 16 (16 mm²) ta jan ƙarfe zalla da matsi mai ƙarfi, ka kankare tsatsa da fenti a inda za ka maƙala shi. Rabin kukan "injina ba ya kamawa" daga nan yake. Sauran rabin kuma daga sanda mai laima ne ko doguwar siririyar wayar jan wuta. Garkuwar fuskar da ake riƙewa da hannu ma a ajiye ta, a sayi hula mai duhunta kanta a lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata.

Mai amfani da janareto ya nemi kVA 5 zuwa 6 mai daidaita wuta, domin hawa da saukar wuta na ƙona kayan lantarkin cikin inbata. Ƙarfe mai rufin zinki kuwa a goge rufin da giranda tukuna, a yi aikin a fili, saboda farin hayaƙinsa na sa zazzaɓi.