Telar da ta ɗinka mana ankon zumunta da kayan Kirsimeti

Tun ranar Kirsimeti 'yan'uwa mata ke tare ni a bakin majami'a suna tambaya wa ya ɗinka mana ankon zumuntar mata na bana, wasu har WhatsApp suke biyo ni, to bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji. Shagon yana cikin unguwar Zariya nan Maradi, ɗaki guda ne da rumfa a gaba, keke huɗu, sai injin surfani guda a lungu wanda wani saurayi ke zama a kai. Mai shagon Hajiya muke ce mata, Musulma ce, kuma ta daɗe tana yi wa matan majami'u ɗinki. Sunanta da lambarta ba zan sa a nan ba don ban nemi izininta ba, wadda ke so ta same ni bayan sujada in raka ta.

Abin da ya fara kama zuciyata ranar awo ne. Na kai mata turmin atamfa, yadi 6 kamar yadda aka saba, na nuna mata wani modal a salula wanda ƙanwata ta turo min daga Yamai. Ta duba ta daɗe tana dubawa sannan ta ce, Malama, wannan rigar ta zaman kujera ce a wajen biki, ke kuwa kin ce ta sujada kike so, za ki durƙusa da ita? za ki ɗaga hannu? za ki yi rawar kai baiko a majami'a? Na ce duka. Sai ta sa na ɗaga hannuwa sama ta auna hammata, ta sa na sunkuya kamar mai ɗaukar yaro ta duba inda wuyan zai faɗa, ta sa na zauna a kan benci ta ga inda siket ɗin zai tsaya. Shekara nawa ina kai ɗinki wurare, ba wanda ya taɓa auna ni a sunkuye, kowa a tsaye yake auna ka kamar a tsaye za ka wuni. Kuma duk macen da ke zumunta ta san abin da nake nufi, muna shiga da waƙa da ganga da tulu da kacau-kacau, ana juyi ana duƙawa, in rigarki ta matse ko wuyan ya yi faɗi to hankalinki ya bar waƙar ya koma kan jan riga, hannu ɗaya a ƙirji har a tashi.

Ni dai ban yarda cewa mace mai bi sai ta sa buhu ba. Na sha jin ana karanta 1 Timoti 2:9 da 1 Bitrus 3:3-4 kamar an hana mu kyau ne gaba ɗaya, amma abin da na fahimta shi ne kada adon waje ya zama shi ne dukan abin da muke da shi, a sa tufafi da kunya da kamun kai, kada tsada ta zama abin taƙama. Ai matar kirki ta Karin Magana 31 tufafinta na lilin ne mai laushi da shunayya, da hannunta take saƙa. Lidiya ma da ta karɓi su Bulus a Filibi sana'arta sayar da tufafin shunayya. Don haka ina son kaya masu kyau, ina son launi mai haske, ina son ɗaurin kallabi ya zauna daram. Abin da ba na so shi ne in shiga gidan Ubangiji a ce idon mutane ya bar bagade ya dawo kaina. Kuma mu a Maradi akwai wani abu ƙari, mu kaɗan ne a gari, in ka fito ranar Lahadi da Littafi a hannu duk layi sun san inda za ka, maƙwabta suna kallo, ba da mugunta ba, amma suna kallo, kayan jikinki ma shaida ce. Kakata 'yar Tsibiri ce, inda mishan ɗin SIM suka zauna tun 1927, ta kan ce su a lokacinsu zane biyu da kallabi ne kawai amma ranar Asabar da yamma ake wanke su a ninke a sa ƙarƙashin tabarma don Lahadi su fito a miƙe.

To a nan ne Hajiya ta burge ni. Ba ta jefar da modal ɗin ba, ta ɗaga wuyan kaɗan ta yi masa aikin zare mai ruwan zinariya siriri a gefe, hannun ta kai shi gwiwar hannu ta buɗe shi kamar ƙararrawa, tsagar siket da ke baya ta rufe ta da ninki ta yadda kana taku a sake amma ƙafa ba ta fita. Shafin ciki kuma ta ce kada in yarda da na leda mai santsi, ta sa na auduga, don wai kayan Kirsimeti ba a hunturu kaɗai za a sa su ba, in Afrilu ya zo zafi ya wuce 40 a cikin majami'a mai rufin kwano za ki gode min. Ɗinkin ciki ma na juya na duba, duk bakin an bi shi an kashe, ba zare ko ɗaya da ke reto.

Ankon zumunta kuwa mu 23 muka kai. A cikinmu akwai matar ɗan kasuwa da ke sa Holandis da shadda Getzner, akwai gwauruwa da sai da muka haɗa mata kuɗin zanen, akwai tsohuwa da bayanta ya ranƙwafa. Na zauna a shagon na ga da idona yadda ta auna tsohuwar nan, a hankali, tana ce mata Inna ɗaga hannu kaɗan, Inna yi haƙuri saura ɗaya, ta ƙara tsawon bayan rigar don ta sauka daidai da gaba. Ranar da muka jera a gaban ikilisiya ba ka iya gane rigar mai kuɗi da ta marar shi. Wallahi sai da hawaye ya zo min, don Yakubu sura 2 ta faɗo min a rai, inda ya yi faɗa a kan a ba mai zoben zinariya da kaya masu ƙyalli wurin zama mai kyau a ce wa matalauci tsaya can. Na kuma tuna Dokas ta Yafa a Ayyukan Manzanni 9, da ta rasu gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka musu. Da na ba Hajiya labarin Dokas sai ta ajiye almakashi ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya ba mu irin wannan shaidar.

Kuɗi, riga da siket da kallabi jika 5 ta karɓa a wurina, na anko da yake da yawa ta bar mana jika 3 da rabi kowace, na yara jika 2. Ana ba da rabi kafin alƙalami, sauran in an zo ɗauka. Ba arha ba ce sosai, akwai masu yi ƙasa da haka a bakin babbar kasuwa, amma tun da aka rufe iyaka a 2023 kayan da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi tsada, zare da zip da shafi duk suka hau, ko da aka buɗe ba su dawo yadda suke ba, don haka ban ga ta zalunce mu ba.

Yanzu inda ban ji daɗi ba, don dole in faɗa. Alkawari. Ta ce min 18 ga Disamba, na je babu, ta ce 21, na hau kabu-kabu na sake zuwa, rigata ta gama amma ta ɗiyata ko yankawa ba a yi ba. Sai 24 da dare wajen ƙarfe 10 na karɓa, yarinya tana gida ta yi kuka har ta yi barci don tana cikin masu wasan haihuwar Yesu da safe. Uzurinta wuta, kuma gaskiya ne ana ɗaukewa, injin surfani ba ya aiki sai da ita kuma ba ta da janareta, amma biyu daga kekunan na ƙafa ne, matsalar ta karɓi aiki ne fiye da ƙarfinta, lokacin biki ne ga namu ga na amare. Da ta ce min tun farko ba zai samu ba sai 24 da na shirya zuciyata. Kuma saboda gaggawa hannun rigar yarinyar ya matse, maɓalli ɗaya ya fita tun kafin a tashi sujada. Na mayar bayan sabuwar shekara ta buɗe hannun ta gyara ba ta karɓi ko dala ba, ta kuma ba ni haƙuri har sau biyu, na yafe, amma daren nan na 24 ya yi min nauyi.

Na maza ban gwada ba tukuna, sai dai na ga wata kaftani da saurayin ya yi wa wani dattijon ikilisiyarmu, farar shadda, aikin wuya kaɗan ba hayaniya, ta yi masa kyau ƙwarai a kan mumbari.

In za ki je, ki wanke atamfar tukuna ta sha ruwa ta ja, ki tafi da rigar da ta fi zama miki daidai a jiki, kuma ki faɗa mata a fili ta sujada ce ko ta biki don yankan ba ɗaya ba ne. Na Ista ni tun watan Fabrairu zan kai, har da shaddar maigidana, kuma wannan karon na yarinyar za a fara yankawa kafin nawa.