Na'urar auna zafin ɗakin kaji mai turo saƙo a waya, abin da na gani da ita

Ni dai ɗakin kajina a bayan gari yake, can hanyar gona a ƙauyenmu kusa da Ringim, tsakaninsa da gida sai an hau babur. Shi ya sa da na shiga Kano na ga wannan 'yar na'urar wajen masu kayan waya ban tsaya dogon ciniki ba. Bata fi kwalin ashana ba, ka rataye ta a ɗaki tana turo maka digirin zafi a wayarka duk inda kake.

Lokacin hunturu na zuba 'yan tsaki, kuma duk mai kiwo ya san satin farko suna son zafi tsakanin digiri 32 zuwa 35, alhali sanyin asuba a nan Jigawa a watan Janairu yana iya sauka ƙasa da 15. Na saita ta in ya yi ƙasa da 30 ta buga min ƙararrawa. Wani dare wajen ƙarfe biyu da rabi wayar ta hau ƙara, na duba na ga 24 kuma yana ta sauka, na kira yaron da ke kwana a wajen bai ɗaga ba, haka na zura rigar sanyi na tada babur. Ina zuwa na tarar gawayin kurfoti ya mutu murus, iska ta ɗage ledar taga ɗaya, tsakin nan duk sun dunƙule a lungu suna hawan juna suna ta tsiwa, shi kuwa Malam yana ta sharar barci cikin bargo. Muka hura wuta muka ɗaure ledar. Wallahi da sai da safe zan gani, da rabinsu sun danne juna sun mutu. A daren nan kaɗai ta fanshe kuɗinta, har tallanta na dinga yi a majalisa.

To amma fa mai shagon ce min ya yi mai batir ce, ba ruwanta da wuta. Eh ita ɗin batir gare ta, amma akwai wani ɗan akwati da take magana da shi wanda dole sai an jona shi, shi kuma sai da MiFi, wato 'yar na'urar nan mai ba da intanet, MiFi ɗin kuma sai da data da caji. Ranar da batirin solata ya yi sanyi tsakar dare komai ya ɗauke, kuma abin haushin ko ƙala wayar bata ce min ba, tana nan tana nuna min tsohon digiri ina ta murna ashe na tun ƙarfe sha ɗaya ne. Wannan ai ya fi rashinta haɗari, tunda ka saki jiki.

Batirin na'urar ma irin faffaɗan nan ne kamar kwabo, CR2032, ka zaga duk shagunan ƙauyenmu ba mai shi, sai ranar kasuwa wajen masu gyaran agogo, shi ma na ƙarshen da na saya bai jima ba ya mutu. Ga manhajar duk Turanci, yaron baya gane komai a ciki.

In kana da sola mai ƙarfi da sabis a wajen kiwonka, saya, tana aiki. Ni dai kafin zafin Afrilu ya shigo sai na ƙara batirin sola, kuma yaron yana nan a bakin aikinsa, ba inda zashi.