Makarantar tuƙin da na kai ɗan yayata a Gombe: ta iya takarda, tirela ce babu

Mai neman sabon lasisin tuƙi a yanzu, na motar gida ne ko na haya, dole ya bi ta makarantar da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta amince da ita, domin sai da lambar satifiket ɗin makarantar fom yake buɗewa a intanet. Wannan ne ya sa na kai ɗan yayata wata makaranta a cikin garin Gombe. Yaron ya daɗe yana bi na a tirela muna ɗauko siminti daga Ashaka, hannunsa ya faɗa, lasisi ne kawai ya rage masa.

Abin da ya fara burge ni shi ne malamin da ke karɓar ɗalibai bai yi saurin miƙo hannu ba. Sai da ya nemi katin ɗan ƙasa na yaron, ya duba ranar haihuwa, sannan ya ce, "Baba, Allah ya taimake ku ya haura 26, da ƙasa da haka ne sai dai na motar gida." Haka dokar take: ɗan shekara 18 zai iya samun lasisin motar kansa, amma mai ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi sai ya cika 26. Ya kuma gwada sunan da ke lambar NIN da wanda za a rubuta a fom, harafi da harafi. Na san direbobi a tasha da aikinsu ya maƙale saboda Muhammad a nan, Mohammed a can.

Sun kuma warware wa yaron abin da tsofaffin direbobi da dama ba su gane ba har yau, wato lasisin nan hannu uku ne a kansa. Kuɗin gwamnati yana bi ta hukumar tara haraji ta jiha. Gwajin tuƙi aikin jami'an duba motoci ne, wato VIO, su ma na jiha. 'Yan Rod Sefti, wato hukumar kiyaye haɗurra da gwamnatin tarayya ta kafa a 1988, su ne ke ɗaukar hoto da zanen yatsu, su riƙe rumbun bayanai, su buga katin. Shi ya sa lasisin da aka yi a Gombe yake aiki a Legas ko Fatakwal. Shi ya sa kuma duk wanda ya ce maka kawo hoto da kuɗi ka koma gida ka jira, na bogi zai kawo maka, don babu yadda za a yi a ɗauki yatsunka kana kwance a ɗaki. Bayan ɗaukar hoton ana ba da na wucin gadi mai kwana 60, katin kansa kuma ka zaɓi na shekara 3 ko 5. Takardar lafiya daga asibitin gwamnati, musamman gwajin ido, malaman makarantar ne suka tuna mana mu yi da wuri.

Darasin allo ma ba laifi. Yaron ya dawo yana karanta mini alamomin da ke hanyar Alkaleri, har yana yi mini gyara, "Kawu, nan fa layi bai tsinke ba, ba a wuce mota." Na yi shiru, don gaskiyarsa ce.

Inda makarantar ta gaza shi ne tuƙin kansa. Mu ajin G muke nema, na tirela da tanka, amma duk motocinsu ƙanana ne, irin na kai yara makaranta. Wanda zai ja buhu ɗari shida na siminti me zai koya a ciki? Ba wanda ya yi masa maganar birkin iska, balle ya jira iska ta cika kafin ya tashi. Ba a nuna masa yadda ake sauke giya tun kafin a shiga gangara ba, maimakon a danne birki har ya yi zafi ya ƙi kamawa, wanda shi ne abin da ke kashe mutane a hanyar Kaltungo da Billiri. Ribas da bodi, ɗaure lodi, duba taya da safe, duk babu. Ko na'urar taƙaita gudu, da aka tilasta wa motocin haya tun 2017, a baki kawai aka ambace ta. Da na tambayi mai makarantar, bai ɓoye ba, ya ce kuɗin babbar mota da dizal ɗinta sun fi ƙarfinsa. Na yarda da uzurinsa, amma da ya faɗa tun ranar rajista.

Ga mai son tuƙa tasi ko ƙaramar bas zuwa Bauchi ko Dukku, wurin ya isa. Mai tirela kuwa ya je don takarda da dokar hanya, sauran karatun yana wajen ogansa. Kuɗin makaranta daban ne da na gwamnati, kuma sun ba mu rasit a kan nasu ba tare da mun roƙa ba.