Tikitin gandun daji: arhar Amurka, tsadar Ruwanda, da rabonmu a Damagaram

Malama, sannu da ɗawainiyar yara. Tambayarki ta jiya a zauren nan ta kwana mini a rai. Kin ce kin ji ana ta ƙara kuɗin shiga gandayen daji a ƙasashen duniya, ga shi kina da burin kai ƴan ajinki su ga raƙumin dawa da idonsu kafin su gama firamare. Sai kika tambaya wanne ya fi: a bar tikiti da arha kowa ya shiga, ko a tsawwala kuɗin don a samu abin kula da dabbobin? Bari in jera miki ƙasashe biyu da kowace ta kama hanyarta, Amurka da Ruwanda, sannan mu dawo gida. Duk inda na ce dala, ta Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba.

Amurka ta ɗauki gandun daji a matsayin gadon kowa. Tun 1872 ta keɓe gandun Yelosuton, a 1916 kuma ta kafa hukumar da ke kula da gandayen ƙasar. Wuraren da ke hannun hukumar sun haura 400, kuma mafi yawansu kyauta ake shiga. A manyan da ake biya, kamar Yelosuton da Giran Kanyon, mota guda tana biyan dala 35, wajen jika 20 a kuɗinmu, duk mutanen da ke cikinta su yi kwana 7 suna shiga suna fita. Yaron da bai kai shekara 16 ba ba ya biyan komai. Abin da na san zai fi burge ki shi ne, tun 2015 ana ba ɗan aji huɗu na firamare takardar shiga kyauta ta shekara guda, shi da iyalinsa. Yaro ne ke jan iyayensa zuwa daji.

Arhar nan ba banza ta zo ba, baitulmali ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, tikiti ciko ne kawai. Kuma cikon bai taɓa isa ba. A 2017 gyare-gyaren hanyoyi da gadoji da bututun ruwa da suka taru ba a yi ba sun haura dala biliyan 11. Gwamnati ta kawo shawarar kai tikitin mota dala 70 a gandaye 17 lokacin cunkoson baƙi. Jama'a suka yi ca, aka aika da ra'ayoyi sama da 100,000, akasari na ƙin amincewa, a 2018 aka haƙura da ƙarin dala 5. Sai daga Janairun 2026 aka juya kan baƙi: wanda ba mazaunin ƙasar ba yana ƙara dala 100 a gandaye 11 da aka fi zuwa, katin shekara kuwa mazauni 80, baƙo 250. Akwai kuma dokar 2004 da ta ce aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin tikiti ya zauna a gandun da aka karɓe shi. Ki riƙe mini wannan, za mu dawo kansa.

Ruwanda lissafinta daban. Ba ta da baitulmalin Amurka, amma tana da abin da ƙasashe uku kaɗai ke da shi a duniya, goggon birin kan tsaunuka, ita da Yuganda da Kwango. A 2017 ta ninka kuɗin izinin ganinsu daga dala 750 zuwa 1,500, fiye da jika 800. Abin da mutum ke samu da wannan kuɗi awa guda ce tak a gaban iyalin biri ɗaya, kuma mutum 8 kawai ake bari su je wa iyali ɗaya a rana. Da gangan aka yi haka, domin goggon biri yana kamuwa da mura da tari daga mutane, yawan baƙi cuta ne a gare shi. Baƙi kaɗan, kuɗi mai kauri. A shekarar ne kuma aka ɗaga kason ƙauyukan da ke kewaye da gandu daga kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ana gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da wuraren ɗibar ruwa. Birran sun ƙaru, ƙidayar da aka yi a ƙasashen uku ta nuna sun haura 1,000, har a 2018 aka sauke su daga sahun dabbobin da ke dab da ƙarewa.

Inda Ruwanda ta taka sawun ɓarawo, a ganina, shi ne lokacin ƙarin 2017 ta haɗa ɗan ƙasa da baƙo a farashi ɗaya. Manomin dankalin da gonarsa ke gindin tsaunin, wanda ɓauna ke fitowa ta ci masa shuka, ina zai ga dala 1,500? Sai a 2020, da korona ta ɗauke ƙafar baƙi, aka sauko wa ƴan ƙasa zuwa dala 200. Har yanzu da nauyi, amma an gane cewa mai gida ba ya zama baƙo a ƙofar gidansa.

To idan kika ɗora su a sikeli, Malama, za ki ga tsarin Amurka yana buɗe ƙofa ga talaka amma yana buƙatar gwamnati mai kuɗi, kuma ko da kuɗin gyara yana taruwa. Na Ruwanda yana ciyar da gandu da maƙwabtansa amma ransa yana hannun jirgin da ke kawo baƙi. Abin da ya ja hankalina shi ne duk da nisan da ke tsakaninsu, a ƙarshe wuri ɗaya suka nufa: farashin ɗan gida daban, na baƙo daban. Nan nake tsaye ni ma.

Sai dai namu yanayin bai yi kama da na kowannensu ba, kuma nan ne maganar ta fi damuna. Muna da gandun W tun 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996. Nan bayan gidanmu kuwa ga Tarmit da Tin Tumma, da aka keɓe a 2012 da faɗin wajen murabba'in kilomita 97,000 tsakanin Damagaram da Agadas da Difa, mafakar farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, wadda ta kusa ƙarewa a doron ƙasa. Ki tsaya a Kasuwar Dole ki tambayi mutum ashirin wa ya taɓa ganin dutsen Tarmit. Ba tikiti ne ya hana su ba. Sai ka bi ta Gure ka nufi Taskar, ka yi hayar mota kat-kat mai iya shiga rairayi, ka cika jarkoki da mai da ruwa, ka nemi ɗan jagora da ya san rairayi. Kafin ka ga barewa ɗaya kuɗin hanya ya ninka kowane tikiti sau da yawa.

Raƙumin dawan da kike so yaranki su gani, ni ta tagar mota na fara ganinsa. Muna hanyar Yamai, mun wuce Doso, hantsi ya yi zafi, kowa ya gaji da zaman kusan kilomita 900. Dab da Kure sai wata yarinya da ke kan cinyar uwarta ta ɗaga murya, "Inna, ga raƙumi mai zane!" Su uku ne tsaye a gindin bishiya, ɗaya ya miƙa wuya yana tsinkar ganye da harshe ba gaggawa. Direba ya sassauta, motar ta yi tsit, wani dattijo a bayana sai tasbihi yake. A 1996 saura 49 kacal irin wannan raƙumin dawa ya rage a duk duniya, dukkansu a nan Nijar. Daga baya suka haura 600. Ba shinge ne ya tsare su ba, domin Kure ba gandu ba ne mai ƙofa, cikin gonakin mutane suke yawo. Manoman yankin ne suka yi haƙuri da su, alhali suna cin musu wake a gona. Kuɗin da baƙi ke biya na jagora da tallafin ƙungiyoyi su ne ke ɗan share hawayen manomin. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a can, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2. Daga ranar ƙafar baƙi ta ɗauke, amma raƙumin dawa bai daina cin wake ba, ma'aikacin gandun daji kuma bai daina buƙatar man sintiri ba.

Shi ya sa nake cewa kada mu kwafi Ruwanda ido rufe. Gandun da ya jingina da aljihun baƙo, ranar da baƙo bai zo ba ya shiga uku. Albashin masu gadi da man motarsu aikin gwamnati ne, kamar allo da alli a ajinki. Tikiti ƙari ne a kai. Ɗan makaranta ya shiga kyauta. Ɗan ƙasa ya biya abin da bai wuce kuɗin cefanen yini ba, a ba shi rasit. Baƙon da ya iya sayen tikitin jirgi daga Turai ya biya da kauri, ba zai ji a jikinsa ba. Sannan dokar nan ta Amurka da na ce ki riƙe, a haɗa ta da kason ƙauyuka na Ruwanda: kuɗin ya zauna inda aka karɓe shi, a rubuta a allo a ƙofar mai gari nawa ya shigo, nawa aka kashe a rijiya, nawa aka biya wanda aka ci wa gona. Makiyayin Taskar da ya ga amfanin barewa a rijiyar garinsu shi zai fara kai rahoton mafarauci.

Game da tafiyar yaranki kuwa, ba sai kun je Kure ba. A 2018 an ɗauko raƙuman dawa 8 daga can aka kai gandun Gadabeji da ke yankin Dakwaro a jihar Maradi, wanda ya fi kusa da mu nesa ba kusa ba. Ki fara da ofishin ma'aikatan gandun daji na nan Damagaram, su gaya miki halin hanya da na tsaro da takardun da ake nema wa ƴan makaranta, ki kuma sa ranar cikin sanyi, tsakanin Disamba da Janairu, kafin zafin bazara ya kama. Idan kin tsayar da magana da iyayen yara, ki sanar da mu a nan, ni na ɗauki kuɗin man mota na zuwa.